Sallamar da Ta Gagara a Shahuci

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya yara, ya maigidan? Ya zaman Fatakwal? Mu nan Dala lafiya lau, sai kewarki.

Bizar ƙarin karatun ta fito, jibi zan tashi in Allah ya yarda. Na zaga dangi ina neman yafiya, na bar Gwaggo Asabe ta Shahuci a ƙarshe, don yanzu ba ta gane mutane sosai.

Ina durƙusawa ta riƙe hannuna, ta kira ni da sunan marigayi Baba, ta ce, "Sannu da zuwa, ka daɗe a hanya. Kada ka sake tafiya ka bar ni." Na ci tuwon da ta sa aka kawo, na fito ban yi sallamar ba.

Bayan la'asar na zauna a masallaci har kowa ya watse. Na san Allah ɗaya ne, nan da can, amma hankalina bai kwanta ba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. In kin zo da Sallah, ki nema mini yafiyarta. Wataƙila ke ta gane ki.

Ƙaninki,
Nasiru