Inna, Ban Zaɓi Yaya Habu Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Hadizarki ce. Jikokinki duk lafiya, an sare raken fadama, an kuma gyara katangar da ta zube ta bayan ɗakinki. Na rubuto ne saboda an yi zaɓen ɗan majalisar jiha, na farko da babu ke, kuma har yau ban gane abin da na yi ba.

Kin sha ba mu labarin yadda aka yi ta yanka ƙasar nan kina zaune. An haife ki a Saulawa lokacin da komai sai an je Ikara. Aka kawo ki aure Dandamisa, aka yanke ƙaramar hukumar Makarfi daga Ikara. Daga baya aka cire Kudan, ƙanwarki da ke Taba ta wayi gari wakilinta daban, naki daban. Kikan ce, "Ni ban matsa daga ɗakina ba, takarda ce ke yawo da ni."

Amma a zaɓe ba ki taɓa yawo ba. Jam'iyya ɗaya, mutum ɗaya, wanda duk gari ke kira Honarabul. Ya ci kina tare da shi, ya faɗi kina tare da shi, ya sake ci. Kin san gidan da zai bi ki da wanda ba zai bi ba, tun daga manoman rake har matan ruga masu kawo nono. Maza su yi ta musu a tasha, ke kuwa ki shiga gida-gida, ranar zaɓe layin mata ya wuce bishiyar makaranta.

Yaya Habu ne kaɗai ya gagare ki. Ɗanki na fari, amma yana ɗaya jam'iyyar, shi da samarin da ke aiki Zariya da Kano, masu dawowa gida ranar zaɓe kawai. Na tuna ranar da ya manna fastarsu a ƙofar zaure, kika sa ruwan zafi kika ɓare ta, sannan kika zuba masa tuwo kamar ba a yi komai ba.

To Inna, bayan rasuwarki komai ya juye. Honarabul ya koma jam'iyyar da kika yi shekaru kina yaƙa. Su kuma can suka ba shi takara, suka hana Yaya Habu da ya daɗe yana jira. Yaya ya yi fushi, ya dawo taki jam'iyyar, suka tsayar da shi. Sai ga alamar jam'iyyarki da hoton ɗanki, ga mutuminki da alamar da kika ɓare.

Matan unguwa suka cika mini ɗaki. Iya Ladi, aminiyarki, ta ce tunda ni na gaji bakinki, in faɗa musu inda za ki sa yatsa da kina nan. Na tuna kina cewa, "Ku dubi alama, fuska tana canzawa." Na kuma tuna ranar da kika tare Honarabul a gidan suna, gaban mutane, kika ce ba za ki matsa ba sai ya yi alkawarin kawo nas ɗakin shan maganinmu. Da aka kawo ta kika ce, "Wannan mutum ne, ko ina ya je mutum ne." Duk biyun ke kika faɗa. Wanne kike nufi? Na ce musu kowa ta bi zuciyarta. Suka fita jiki a sanyaye, kuma ranar zaɓe da yawansu ba su fito ba. Wannan ma yana damuna.

Na shiga rumfar zaɓe da niyyar Yaya, wallahi. Har na ga alamarki, na ɗaga yatsa. Sai na tuna safiyar da na kusa rasa raina wajen haihuwar jikarki Amina, nas ɗin nan ce ta tsayar da jinin. Kafin in gama tunani na dangwala wa Honarabul. Na ninke takardar, na jefa a akwati.

Yaya ya faɗi. Ko a akwatinmu bai kai ba. Bayan kwana biyu ya zo gidana, ya zauna a tabarma, ya rame. Ya ce kowa ya juya masa baya, amma ya san ni 'yar Inna ce, ƙuri'ata tana wurinsa. Ya yi mini godiya, Inna. Na ba shi ruwa, na karɓi godiyar.

Ban san ko ke na bi ba, ko ke na saɓa wa. Ban san ko Yaya zai fi shi aiki ba, wataƙila zai fi. Wani lokaci ina ganin na yi gaskiya, wani lokaci in ji kamar na ci amanar cikin da muka fito. Abin da na tabbata kawai, ba zan iya ci gaba da karɓar godiyar da ba tawa ba. Yaya yana karanta duk abin da nake rubutawa a shafina na waya, nan kuma zan saka wasiƙar nan, don haka yau zai sani. Na kasa faɗa masa ido da ido, shi ya sa na biyo ta wurinki, kamar yadda muke yi muna yara in mun yi masa laifi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya sanyaya zuciyar Yaya Habu, ni kuma Ya nuna mini daidai ko da a makare.

Ga Yaya nan yana kirana a waya, Inna. Bari in ɗauka.

'Yarki,
Hadiza