Sunan Griselda a Kan Cencerro

Rafaela, 3 ga Maris

Zuwa ga Griselda Ponzio,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki. Na ɗauko biro da takarda ne saboda sau huɗu ina kiran wayarki ba ki ɗauka.

Ranar Talata Don Evaristo, shugaban ƙungiyar masu madara ta nan garin Rafaela, ya zo ya ɗauke ni a motarsa. Sabon injin dafa madarar da suka saya a kamfaninku na Córdoba ya tsaya cak, ga lita dubu shida a tanki. Na buɗe akwatin da ke sarrafa injin, na jona kwamfutata, sai ya nemi kalmar sirri. Evaristo ya ce, "Malam, kai ma an rufe maka ƙofa? To mu kuma ina za mu sa kanmu?" Muka kira Córdoba, aka ce ma'aikaci zai zo ranar Juma'a. Kin san madara ba ta jiran kowa. Rabi aka ba aladu, rabi aka zubar.

Kafin in rufe akwatin na karanta abin da ke kan allon: "Zafi bai kai ba, duba famfo na biyu." Ni na rubuta wannan jimlar a teburin kicin ɗina, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Manhajarmu ce, Cencerro, wadda muka sa a intanet kyauta da sharaɗi guda: duk wanda ya gyara ta, ya bar ta a buɗe ga kowa. An sauya mata suna, an garƙama mata kwaɗo. Mutum biyu ne suka san cikinta har su iya wannan aikin, ni kuma ban yi ba.

Ki rubuto ki ce na yi kuskure, zan yarda.

Malaminki na da,
Amílcar Bertero

Córdoba, 14 ga Maris

Malam Amílcar,

Ina gaishe ka. Tunda ka tambayi Mama, ta rasu tun watan Agusta.

Ba ka yi kuskure ba, ni ce. Maganar madarar ta ci mini rai, na san yawancin masu shanun nan da sunayensu.

Amma "manhajarmu" ka ce? Yau na fara jin wannan kalmar daga wajenka. A taron Rosario, da aka kira ta "Cencerro ta Bertero" aka yi ta tafi, ina layi na uku riƙe da filas ɗin ruwan zafinka na shayin mate. Ba ka gyara musu ba. Sashen da ke lura da zafi, ni na sake rubuta shi daga tushe. Shekara tara ina amsa tambayoyi a zaurenmu na intanet, ƙananan masana'antu sun fi ɗari uku, daga Salta har Uruguay. Waɗanda suka taɓa maido da gyara ko na layi ɗaya ba su kai goma ba.

Da Mama ta kwanta, na rubuta a zauren ina neman wanda zai karɓe ni na wata biyu. Amsa uku na samu. Biyu suna tambayar yaushe zan duba musu injinsu. Ta ukun taka ce: "Haƙuri, Griselda, aikin jama'a sai da sadaukarwa." Kai kana da fansho, Malam. Ni inshorar asibiti nake nema, kamfanin nan ne ya ba ni.

Na ce musu aikina ne ni kaɗai, kuma ban ji kamar ƙarya nake yi ba. Ba su san asalinta ba. Abu ɗaya nake roƙonka: ka ba ni shekara guda, a hankali zan shawo kansu su cire kwaɗon. Kafin nan kada ka yi magana da kowa.

Ka huta lafiya.
Griselda

Rafaela, 29 ga Maris

Griselda 'yata,

Allah ya ji ƙan mahaifiyarki Doña Nélida, ya ba ki haƙuri. Sau nawa na ci abincinta ranar Lahadi, amma sai a takarda na ji mutuwarta. Laifina ne, ban tambaya ba.

Wasiƙarki ta hana ni sukuni. Na zauna na bi tarihin manhajar tun farko, gyara bayan gyara. Cikin kowane layi goma, shida naki ne. Ban taɓa ƙirgawa ba, ina jin tsoron abin da zan gani ne ya hana ni.

Saboda haka na yi abin da ya kamata in yi tuntuni. Na sa sunanki a shafin farko, a saman nawa. Na kuma rubuta wa zauren gaskiya duka: wanda ya yi aikin, yadda muka yi watsi da ke, da kuma cewa abin da ke cikin injinan Córdoba Cencerro ce. Na san kin ce in jira. Amma Evaristo ya tare ni a bakin kasuwa ya ce, "Malam, in ya sake tsayawa, kai za ka sha lita dubu shidan?" Akwai irin injinsa goma sha bakwai a lardin nan. Shekara ta yi musu nisa.

Ki leƙa zauren ki gani. Mutum tamanin sun rubuto suna gode miki. Wani daga Salta ya ce ashe hannun mace ne ya riƙe masana'antarsa duk shekarun nan. Na yi imani wata rana za ki ce na yi daidai.

Naki kullum,
Amílcar

Córdoba, 6 ga Afrilu

Malam,

Gaisuwa. Lauyoyin kamfani sun karanta rubutunka. Za su buɗe manhajar a ƙarshen wata, ka yi nasara. Ni kuma sun sallame ni, ranar Litinin mai gadi ya raka ni bakin ƙofa da kayana a kwali. A wannan sana'ar kowa ya san kowa, yanzu duk sun san ni.

Na leƙa zauren. Cikin masu godiyar, goma sha ɗaya sun haɗa da tambayar yaushe zan dawo.

Ka cire sunana daga shafin. Kada ka sake rubuto mini.

Griselda Ponzio