Muryata a Cikin Trotro

Daren Laraba, Zango

Rubuta, Balkisu, kar ki gyara mini magana. Yau a kasuwar Race Course na ji muryata cikin motar haya ta trotro, "Koko da zafi! Ko-ko-ko!", an ɗora ta kan kiɗa. Ashe jikana Sadiku ne ya ɗauki tallana a waya ya yayyanka. Tsorona ɗaya, ina kwance a kabari muryata tana yawo gidajen giya.

Da na tare shi, ya ce, "Kaka, kin yi suna fa!"

Na ce, "Sunan gidanku! Gobe zan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin kiɗan naka, ba na tashi sai ka cire ni."

Dariya ya yi. Zai gani, ubansa ma bai taɓa cin gardama da ni ba.