Iyakar Gonar Baba

Gaya,
Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanina Zunnuraini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Faransa. Allah ya ƙara basira, ya kare ka daga sanyin ƙasar. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara. Maigidana ya sami sauƙin ƙafarsa, 'yata Khairiyya kuma ta fara tafiya, ba inda take nufa sai cikin kwanukan wanke-wanke. Na zaɓi in rubuto ne saboda idan na kira ka a waya, kafin in kai ƙarshen zance ka riga ka shiga bayani, in ajiye waya ban faɗi abin da ke raina ba. Yau dai sai ka karanta har ƙarshe.

Maganar gonar Baba ce ta Kademi. Ka san tun bayan sadakar arba'in malam ya fitar wa kowa da rabonsa, ba wanda ya yi gardama. Abin da ya rage kawai a ja iyaka a ƙasa, a san mai ɗaukar wajen fadama da mai ɗaukar jigawa. Da 'yan'uwanmu Yaya Gwadabe da Hadi suka fara kallon-kallo, sai aka ce ai muna da ɗan lissafi a gida, wanda ba ya nan balle a ce ya bi bayan wani, a bar masa. Kowa ya yarda, aka sallami dattawan unguwa da igiyar awonsu.

Ka ce wannan ai shi ne ainihin bincikenka: yadda za a kwashe tulin ƙasa daga nan a kai can da mafi ƙarancin wahala. Ka ce za ka raba ta yadda kowa zai sami daidai rabonsa na albarkar ƙasar, jigilar taki da amfanin gona kuma ta zo wa kowa da sauƙi daga gidansa. Na ji daɗi, har na yi ta cika wa malaman makarantarmu baki. Ka sa Hadi ya zaga gonar da waya a hannu, ya zaga. Ka nemi a gaya maka inda gero ya fi yi, aka gaya maka. Daga nan fa sai idonka ya faɗa kan burtalin da ya gutsiri gonar ta gabas ya yi mata lungu. Ka kira ni cike da murna, wai ƙa'idar da masana suka tabbatar fili dunƙulalle take so, mai lungu kuwa amsarsa tana iya tsagewa, kuma kana son sanin inda tsagar take bi. Wai kai da wata farfesa kun duƙufa a kai. Haba Zunnuraini! Gona muka ba ka ka raba mana, ba mu aike ka neman abin bugawa a mujalla ba.

Tun kaka kake cewa saura kaɗan. Yau ka ce amsar akwai ta, gobe ka ce sai ka tabbatar ita kaɗai ce, jibi ka ce kana duba ko layin santsi gare shi. Wallahi na gaji da jin wannan saura kaɗan ɗin. An fara ganin hadari ta wajen Ajingi, maƙwabtanmu na gona har sun yi binne.

Ga abin da ba a gaya maka ba. Bana ba wanda ya kai taki gonar nan. Yaya Gwadabe ya ce ba zai ɗaura wa shanunsa amalanke ya zuba takinsa inda gobe za a ce na Hadi ne ba. Hadi ma bakinsa ke nan. Takin yana nan jibge a ƙofar gida, suna wuce shi suna gaisawa sama-sama. Ka kuwa san ƙasar nan, in ba ta ci taki ba gero ba ya wuce gwiwa, kuma daga gonar ake cika rumbun da mahaifiyarmu Hajja take ci.

Ranar Juma'a na je duba ta, ban same ta a gida ba. A hanyar gona na ci karo da ita, daro a ka cike da toka da kashin awaki, tana dogara sanda, da wannan gwiwar tata. Ashe kullum da safe haka take yi. Na sauke mata daron, na yi ta faɗa har na ɓige da kuka. Ta ce in yi shiru, 'yan'uwanka suna da shanu, duk ranar da aka raba nan da nan za su gyara nasu, ni ma ina da miji, kai ne ba ka da mai kai maka. Tunda kuma ba ta san inda naka zai faɗa ba, shi ya sa take bin gonar duka tana barbaɗawa kaɗan-kaɗan, don ko ina ya faɗa ya tarar da wani abu. Ta roƙe ni kada in gaya maka, wai kada a ɗaga maka hankali kana karatu. To, na gaya maka.

Kai da kake neman yadda za a kwashe tuli ba wahala, ga uwarka nan tana kwashe shi da daro. Don girman Allah ja layin nan ka turo, ko a karkace yake za mu dasa gamba a kansa mu gode. Ku ci gaba da rubutunku kai da farfesa, Allah ya ba da sa'a, ni ma zan yi alfahari da shi. Amma in ruwan shuka ya sauka ba ka turo ba, da kaina zan je in kira dattawa da igiyarsu.

Yaya Gwadabe da Hadi suna gaishe ka, kowa daban. Gwaggo Baiwa da 'yarta Ummi suna yi maka fatan alheri. Hajja ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci sosai. Na ɓoye daron a ɗakin Gwaggo kafin in taho, amma ɗazu Ummi ta gaya mini Hajja ta fita gona da ƙwarya.

Taka yayarka,
Hansai