Amsa-amo ya sa na kashe wa Kawu shinkafa

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, don zagin da nake yi wa kaina ma ya isa.

Ni marubucin waƙa ne a Haɗejiya. Ni nake rubutawa, wani ya rera, shi ya sa ba a san ni ba. Bara wata ƙungiyar kare muhalli ta nemi waƙa a kan masu fasa gaɓar kogi su janye ruwa zuwa gonakinsu, na ƙasa su rasa. Na zauna ina jera baitoci, kowanne yana ƙarewa da "wa": ruwa, rayuwa, mutuwa. Can sai kalmomi suka ƙare mini. Abin da ya faɗo mini a baki shi ne sunan ƙauyen kawuna, can wajen Guri, don shi ma da "wa" ya ƙare. Na saka shi. Wallahi ban taɓa jin sun fi maƙwabtansu fasa gaɓa ba. Ya dai zauna daram a baitin, shi ke nan.

Waƙar ta karɓu. 'Yan ƙungiya suna ta tafi a ɗakin taro mai sanyi, wai mu masu fasaha mu ne muryar kogi. Wace murya? Ranar zaman rabon ruwan kogin sai da aka saka waƙar a lasifika, kuma mashigar ruwan ƙauyen Kawu kaɗai aka toshe. Ciyawar kachalla da ta shaƙe kogin tana nan, ita ba wanda ya yi mata waƙa. Shinkafar Kawu ta bushe a tsaye. Ranar kasuwa yara suna bin 'ya'yansa da amshin waƙar.

Mutumin nan shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Makon jiya ya zo har gida, ya ce, "Ɗana, kai ma ai ka iya harhaɗa magana. Yi mana wadda za ta wanke mu. Shi kuwa wanda ya rubuta waccan, kullum sai na yi masa Allah ya isa a sujada." Na ce, "To, Kawu." Har da "amin" na ce, da bakin nan nawa.

Yanzu ƙungiyar za ta karrama ni, za a faɗi sunana a rediyo, Kawu kuwa ko gona da rediyonsa yake zuwa. In riga su gaya masa, ko in bari ya ji daga bakin mai gabatarwa? Me zan yi?