Ranar da Sa'a ta karanta bawa

Talata, bayan isha'i

Har yanzu zuciyata tafasa take yi. Yau Malam ya tayar da ƙawata Sa'a ta karanta abin da ke allo, alhali ya san haruffa juya mata suke yi. An rubuta "manomi ya shuka dawa", ta ce "bawa". Aji ya ɗauki dariya. Ummita, wadda ke zaune kusa da ni, ta fi kowa, har da buga benci.

Da aka fita hutun tara sai Ummita ta rubuta "jaka" a takarda ta miƙa wa Sa'a, ta ce, "Karanta mana sunanki." Sa'a ta tsaya tana haɗa baƙaƙen a hankali, har ta gane da kanta. Ba ta yi kuka ba, ta dai naɗe takardar.

Sa'ar nan tun da rumbunmu ya ƙare take raba rogonta biyu ta ba ni rabi. Kuma ita ke koya mini lissafi da ka, a hanyar gida, Ummita kuma ta kwafa a littafina.

Na ce wa Sa'a sai na rama mata. Ta ce, "Ki bar ta da Allah, Hauwa."

To, na ji. Amma gobe akwai jarrabawar lissafi. Zan cika takarda guda da amsoshin ƙarya in ajiye inda idon Ummita zai kai. Ranar da Malam zai kira maki da ƙarfi, ina so Sa'a ta kasance a benci na gaba.