Goron Wani da Na Tsince da Hannuna

Zuwa ga Kausara, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka a kan ƙasa mai ƙishi,

Assalamu alaikum. Ina rubuta miki wannan takarda yau Laraba bayan sallar magariba, baƙin mai bai gama fita daga faratana ba. Na kira wayarki sau huɗu, na san kina bakin aiki a asibiti. Gara ma da ba ki ɗauka ba, don bakina ba zai iya furta abin da na aikata ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kausara, ni da kaina na gyara babur ɗin da ya kai goron neman aurenki gidanku, kuma goron ba nawa ba ne.

Bari in faɗa miki yadda aka yi daki-daki, kada wani ya ƙara ko ya rage.

Ƙarfe biyu da minti ashirin na sauka daga trotro, motar haya, a tashar Sofoline, na dawo daga kai takardun neman aiki wani gareji da ke hanyar Sunyani. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. A gefen titi na ga wani dattijo cikin farar riga yana ta fama da babur, babur ya ƙi tashi. Kwandon da ya ɗaure a baya ya zame, goro ya watse cikin jar laka. Masu wucewa suna ce masa sannu, suna kama gabansu.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce sunansa Mutala, daga Abuakwa yake. Ya ce, “Ɗana, moton nan ya rantse sai ya kunyata ni a gaban manya.” Na duba, fulogi ne ya jiƙe. Na ari sifana wurin mai faci, na kwance shi, na goge da hankicina, na mayar. Bugu ɗaya babur ya tashi. Dattijo ya ɗaga hannu sama ya ce, “Allahu akbar! Ashe injiniya Allah ya turo mini.”

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma kin san halina. Na tambaye shi goro nawa ne, ya ce ƙwarya biyu, ɗari biyu cif. Na tsince, na wanke da ruwan leda, na ƙirga, ɗari da casa'in da tara. Ya ce, “Bar shi, Injiniya, wa zai ƙirga?” Na ce a'a, Baba, ba a kai wa manya abu da giɓi. Na yi ta nema har na samo na ƙarshen a ƙarƙashin teburin wata mai gasa ayaba. Na lulluɓe su da ganye, na ɗaure kwandon ɗauri biyu yadda ba zai sake zamewa ba.

Sai da ya hau ya tambaye ni ko na san unguwar Asawase. Na ce a can aka haife ni. Ya ce, “To kwatanta mini gidan Alhaji Abdul-Samed mai atamfa. Yana da 'ya, nas ce, Kausara. Ɗan ƙanena Muhaimin zan je in nema wa ita. Yaron kirki, shanunsa sun fi arba'in.”

Wayyo Kausara, farin watana! Titin nan gaba ɗaya ya yi mini shiru. Ina ganin motoci suna wucewa, ba na jin ƙararsu. Me kike tsammani na yi? Da na ce ban san gidan ba, wa zai kama ni? Da na nuna masa hanyar Asokore Mampong, ai sai la'asar ta wuce yana yawo. Amma na buɗe baki, na ji kaina ina cewa ya bi ta bayan kasuwa, ya wuce masallaci mai koriyar ƙofa, gida na uku a hannun dama, mai bishiyar mangwaro a waje. Har na gaya masa ya kula da ramin da ke kwanar! Dattijo ne, ya tambaye ni da zuciya ɗaya, harshena ya ƙi yi masa ƙarya. Ya karɓi lambar wayata, ya sa mini albarka, ya ce Allah ya ba ni mace tagari. Na ce amin. Ni, na ce amin!

Ya ke farin goro a cikin dubu, kin tuna ranar da muka karɓi takardar kammala karatu, kika zo da waakye, shinkafa da wake, a kula, muka zauna kan dakali? Kika ce, “Shakiru, yaushe za ka turo manyanka?” Na ce sai takardar bautar ƙasa ta fito, sai na sami aiki, sai na kama ɗaki. Kika yi dariya kika ce, “Kai ko ruwa za ka sha sai ka karanta rubutun jikin ledar.” Wata biyar da kwana tara ke nan. Na ɗauka tsari nake yi, ashe tsoro ne. Ina tsoron in tsaya gaban mahaifinki hannu wofi, sai na bar ƙofarku a buɗe, alhali ba wanda ya san da maganarmu in ban da ni da ke da yayarki Basiratu.

Ƙarfe biyar saura kwata Baba Mutala ya kira ni don ya yi godiya. Ya ce ya isa lafiya, kwatancena bai kuskure ko taku ɗaya ba. Ya ce Alhaji ya karɓe su da mutunci, amma ba zai kwance kwandon ba sai ya ji ta bakin 'yarsa. In ta amince, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a raba goron. Kin san in aka raba, makwabta suka tauna, magana ta ƙullu.

Ban koma gida ba. Daga nan na wuce wurin kawuna, da rigar da ta sha laka, na durƙusa na gaya masa komai. Ya yi dariya har hawaye, sannan ya yi mini faɗa, sannan ya ce gobe Alhamis bayan la'asar zai zo gidanku da mutum biyu. Ba ni da aiki, Kausara. Ba ni da ɗaki, ba ni da saniya ko ɗaya. Wannan shi ne gaskiyar lamari, kuma na roƙi kawu ya faɗa wa Alhaji haka ba tare da ya yi mini ado ba.

Ban san laifin Muhaimin ba, ba zan kuma ɓata shi a wurinki ba. Zaɓi naki ne. Roƙona ɗaya ne, ya ke numfashina: idan Babanki ya kira ki ya tambaye ki, kuma har yanzu ina cikin ranki, kada kunya ta rufe miki baki kamar yadda tsoro ya rufe nawa. Ki ambaci sunana. Tunda nake ban taɓa taka ƙafa inda ban auna ba, amma gobe zan turo manyana ban san amsarki ba.

Basiratu za ta miƙa miki wannan kafin ki shiga gida. Ki karanta kafin ki gaishe da Babanki.

Naki, ko kin ambace ni ko kin yi shiru, har ranar da za a lulluɓe ni,
Shakiru